Kafin ka ce "yaya kuka gani?": jagorar neman ra'ayi a kan ƙarfin kala da kaifin hoto

Mai ɗaukar hoto ya dawo daga wajen biki a Yamai, ya gyara hoton amarya, ya jefa shi cikin rukunin WhatsApp na abokan sana'a, ya rubuta: "Yaya kuka gani?" Kafin minti goma amsoshi sun cika. Wannan ya ce masha Allah, wancan ya ce kalar ta yi yawa, na uku ya ce shi a wurinsa ma koɗewa ta yi, na huɗu ya ce hoton bai fito ras ba. Babu maƙaryaci a cikinsu, ba hoto ɗaya suka gani ba ne kawai. Ɗaya ya ƙure hasken wayarsa a tsakar rana, ɗaya allonsa an saita shi ya cika kala, ɗaya tsohuwar kwamfuta ce a gabansa. Kuma dukansu abin da ya iso musu kwafi ne da WhatsApp ya matse, ba fayil ɗin mai hoton ba.

Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sai dai a harkar kala da kaifi, idon ba ya kimanta komai daidai sai an sa masa fayil na gaske, a allo mai gaskiya, a girman da ya dace, an kuma yi masa tambaya ƙwaya ɗaya. Abin da za mu bi daki-daki ke nan.

Mu daidaita suna tukuna. Ƙarfin kala shi ne cikar launi ko tsinkewarsa: ja wur na sabuwar atamfa a gefe guda, jan wadda ta sha wanki da rana a ɗaya gefen. A manhajojin gyaran hoto irin su Lightroom, Snapseed da Photoshop, ma'auninsa Saturation aka rubuta masa. Kaifi kuwa shi ne yadda bakin abubuwa ke fitowa tar, irin gashin ido, zaren aikin hula, ko zanen lalle a bayan hannu. Tun da yawancin wayoyi da kwamfutocin Nijar da Faransanci suke, sunayen da ke rubuce a allon Faransanci za mu riƙa ambata. Kaifi shi ne Netteté.

Mataki na 1: gyara allonka kafin ka gyara hoto

Yawancin gardamar kala daga allo take tasowa. Wayoyi masu allon AMOLED kan fito daga kanti an riga an cika musu kala don su ja ido. A Samsung, shiga Paramètres, sai Affichage, sai Mode d'écran, za ka tarar da Vif da Naturel, zaɓi Naturel. A iPhone kashe True Tone da Night Shift. A Tecno, Infinix da itel nemi saitin kare ido, wanda ke mayar da allo ruwan ɗorawa da dare, ka kashe shi, don shi kaɗai ya isa ya sa farar shadda ta koma kamar an wanke ta da ruwan gulbi. Kashe hasken da ke hawa da sauka da kansa, ka tsayar da shi wajen rabi.

Mai na'urar daidaita allo, irin su Spyder, ya sa fari a 6500K (K ma'aunin launin haske ne), ma'aunin gamma a 2.2, haske tsakanin kandela 100 da 120. Wanda ba shi da ita ya buɗe farin shafi, ya riƙe farar takarda kusa da allon a hasken ɗakin. In allon ya fi takardar haske nesa ba kusa ba, a rage shi, in ba haka ba duk hoton da aka wanke zai fito da duhu. Wani gwajin: ɗan sunkuyar da murfin kwamfutar ka ɗaga. In launin fuska ya canza da wannan ɗan motsin, kada ka yanke hukuncin kala a kanta. Wayarka da aka mayar Naturel ta fi ta gaskiya.

A duba hoto a inuwa ko a ɗaki mai taga, ba a rana ba, ba kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki mai kala ba.

Mataki na 2: fayil ɗin da za ka aika, da hanyar da zai bi

Fitar da hoton a JPEG, a tsarin kala na sRGB, inganci 85 zuwa 90. Wannan tsari, da kamfanonin HP da Microsoft suka fito da shi a 1996, shi ne wanda kusan kowane allo da kowane labo, wato shagon wanke hoto, ya sani. In kyamararka na kan Adobe RGB, manhajar da ba ta karanta alamar tsarin ba za ta nuna hoton a koɗe, ja ya yi sanyi, fata ta yi toka-toka, sai a ce maka ka ƙara kala alhali kalar na nan. Gane shi ba wuya: a Canon sunan fayil yakan fara da _MG maimakon IMG, a Nikon kuma _DSC maimakon DSC_. Ka ga ɗan layin nan a farkon suna, shiga menu ka mayar da ita sRGB.

Sai aikawa. Kyamara mai megapiksel 24 na ba da hoto mai piksel 6000 × 4000. In ka aika shi a matsayin hoto a WhatsApp, yakan koma wajen 1600 a dogon gefe, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na ɗigogin da ka ɗauka, sannan a sake matse shi. Maɓallin HD da aka ƙara a 2023 ya rage ɓarnar, amma bai hana matsi ba. Hanyar da ba ta taɓa fayil ita ce Document: danna alamar maƙala, zaɓi Document, ka nemo hoton daga nan. Ka sani cewa wannan hanya tana tafiya da duk bayanan da ke cikin fayil, har da wurin da aka ɗauka in wayar ta rubuta shi. Hoton matar aure ko na amarya kuma ba a yawo da shi wajen neman ra'ayi sai da izinin masu shi.

Kada ka cinye wa mutane mega da fayil mai nauyin megabayit 10. Aika abu biyu. Na farko, cikakken hoton a girman da za a yi amfani da shi, misali 2048 a dogon gefe in na Facebook ne, 1080 a faɗi in na Instagram ne. Na biyu, yanki daga ainihin fayil ɗin ba tare da an rage shi ba, kamar piksel 1000 × 1000, daga wurin da ka saita kyamara ya fito tar, galibi ido. Da cikakken hoto ake hukuncin kala, da yankin ake hukuncin kaifi. Wanda ya ja hoton 1600 da yatsu biyu har ya cika allo da ido ɗaya, ya ce ba kaifi, matsin WhatsApp yake kallo.

Mataki na 3: kwafi uku, canji ɗaya

In ka nuna wa mutum hoto ɗaya ka ce ya yi ko bai yi ba, ba shi da abin kwatantawa, sai ya ce ya yi. Yi kwafi uku waɗanda abu ɗaya kacal ya bambanta su. Na kala, misali Saturation a 0, a +10, a +20. In kana zargin kyamarar ma ta riga ta cika, sa −10 a madadin na ƙarshe. Haske, yanka da kaifi duk su zama iri ɗaya. Maganar kaifi a bar ta sai zagaye na gaba, da nata kwafi ukun. In ka canza abu biyu a lokaci ɗaya aka zaɓi B, ba za ka san wanne ne ya ci ba.

Sa musu suna A, B, C, a hargitse, kada mai ƙarfin kala ya zama kullum shi ne na ƙarshe. Kada ka rubuta "na asali" da "na gyara", domin kunya za ta sa a zaɓi wanda ka sha wahala a kansa.

Akwai tarko guda a nan. In aka jera hotuna kusa da kusa, ido yakan tafi ga wanda ya fi ɗau, kamar yadda kunne kan zaɓi rediyon da ya fi ƙara. Shi ya sa za ka roƙi mai dubawa ya kuma buɗe kowanne shi kaɗai, ya ɗan jima a kansa. Sau da yawa wanda ya ci a jere shi ne ke gajiyar da ido in an bar shi shi kaɗai. Kai ma idonka yakan saba: bayan rabin awa kana ƙara kala, +30 sai ya koma maka kamar ba ka taɓa komai ba. Tashi ka sha iska minti goma sha biyar, ko ka bari ya kwana, kafin ka fitar da kwafin.

Mataki na 4: wa za ka tambaya

Mutum biyar sun isa, amma kada su zama iri ɗaya. Abokin sana'a da ya fi ka daɗewa zai gane musabbabi. Mai wanke hoto a labo ya san abin da injinsa ke yi wa ja da shuɗi. Sai waɗanda masu hoto kan manta da su, alhali a maganar kala sun fi kowa ido: tela, mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa ko Wadata, mai kwalliyar da ta yi wa amarya fuska, da ita mai kayan. Mai yadi ba ruwansa da sunan ma'auni, amma daga kallo ɗaya zai ce maka wannan shuɗin ba na shaddar nan ba ne.

Bi su ɗaya bayan ɗaya ta saƙon sirri. A rukuni, amsar farko ce ke jan sauran, musamman in babba ne ya fara. Ba yaron da zai musa wa maigidansa a bainar jama'a. Ka kuma san cewa akwai masu matsalar bambance ja da kore, ta fi yawa a maza, kuma da yawansu ba su san suna da ita ba. In amsar mutum kullum tana saɓa wa ta kowa a kan waɗannan launuka biyu, nemi ra'ayinsa a kan kaifi kawai.

Mataki na 5: tambayar kanta

Tambaya mai faɗi, amsarta addu'a ce. Ka faɗi inda hoton zai je, abin da ya bambanta kwafin, yadda ka ɗauka (tsawon gilashin kyamara, buɗewarsa wato lambar f, saurin ɗauka, da ISO wato ƙarfin karɓar haske), sannan ka nuna wurin da kake so a kalla. Ga yadda yaro zai rubuta wa maigidansa:

"Maigida, ina wuni, ina gajiya? Don Allah in ka samu sarari ka duba mini hotuna uku, A, B da C. Hoto ɗaya ne, ƙarfin kala kawai ya bambanta. Wanke shi za a yi a 20 × 30 a rataye a falo. A wanne ne fuskar ta fi kama da ta mutum, kuma a wanne ne zanen atamfar ya fara ɓacewa? Na ɗauka da 50mm, f/2.8, 1/160, ISO 800, a inuwar rumfa bayan la'asar. Ka gaya mini wayar da ka duba da ita. Kada ka yi mini kara, gyara nake nema. Allah ya saka da alheri."

Ga mai kayan kuma ba a kawo lambobi: "Hajiya, don Allah ki ɗauko atamfar ki ajiye kusa da wayar a bakin ƙofa, ki gaya mini wanne ne ya fi kama da ita." Wannan gwaji na ajiye abu kusa da hotonsa ya fi kowane dogon bayani. Mai tallar albasar Galmi a Tahoua ya yi haka da albasa ɗaya a hannu, domin launinta na shunayya yana cikin waɗanda kyamara ke yawan karkatarwa, ko zuwa shuɗi ko zuwa ruwan hoda.

Mataki na 6: fassara abin da aka ce game da kala

A nan aikin yake. Mutane sun iya nuna wurin da ciwo yake, amma maganin da suke bayarwa sau da yawa ba shi ba ne. Karɓi wurin, ka nemo dalilin da kanka.

"Rigar ta koma kamar an shafa fenti." Kowane piksel lambobi uku ne, na ja, na kore, na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Jar atamfa a rana jan nata kan kai wajen 240, lanƙwasar yadin kuma tana 225 ko 210, wannan ɗan bambancin ne ke nuna wa ido cewa yadi ne mai ninki. Ka ja Saturation sama, duka sai su taru a 255, ninki da saƙa su ɓace, ya zama faifan ja guda. Abin haushin shi ne mai kallo yakan kira wannan rashin kaifi, kai kuma ka je ka ƙara Netteté, ba abin da zai fito don ba sauran bambancin da za a kaifafa. Buɗe histogiram mai launi uku, wato jadawalin da ke nuna hasken kowane launi daga duhu a hagu zuwa haske a dama: in ja ya taru ya jingina da bangon dama, ka kama ɓarawon. Shiga ma'aunan launi ɗai-ɗai, TSL, ka rage ƙarfin ja kaɗai da −10 zuwa −20, ka ɗan sauke haskensa. In JPEG ne kuma ya riga ya ƙone tun daga kyamara, ba ya dawowa. Gobe ka rage hasken ɗauka a kyamara da sulusi ko sulusi biyu na matakin haske in ja ya yi yawa a gabanka, ka sauke salon kyamara daga Vivid ko Landscape zuwa Standard ko Neutral.

Ja yana da wata matsalar kuma. Matsin JPEG da manhajojin sada zumunta ke yi yakan adana bayanin launi a kashi ɗaya cikin huɗu na bayanin haske, shi ya sa jan rubutu a kan baƙi ko shuɗi ke zubewa a gefe bayan an aika. In a wayarka lafiya yake, a ta mai dubawa ya zube, tambaye shi ko Document ɗin ya buɗe.

"Fuskar ta yi ja," ko "ta koma ruwan goro." Fatar mutum, baƙi ne ko wankan tarwaɗa ko fari, a ma'aunin ruwan goro take zaune, wanda aka rubuta wa Orange. Saturation ba ya tausayin fata, komai yake ɗagawa daidai wa daida. Vibrance kuwa ya fi ɗaga launukan da ba su cika ba, yana sassauta wa fata. A hoton mutane, bar Saturation a 0 ko +5, ka sa Vibrance +10 zuwa +20. In har yanzu fuskar na ɗau, rage Orange da −5 zuwa −15. Kada ka wuce gona da iri, baƙar fata da aka zuƙe wa kala takan koma toka kamar mai jinya. Wasu masu hoto in sun ce kalar ba ta yi ba, so suke a haskaka su. Wannan magana ce daban, ka tambaya a fili kafin ka taɓa ma'aunin da ba shi ake nufi ba.

"Duk ya yi ɗorawa-ɗorawa," ko "kore-kore." Wannan ba ƙarfin kala ba ne, daidaiton fari ne ya karkace, kuma ƙara Saturation ninka shi yake yi. Hasken tsakar rana wajen 5500K yake, na inuwa ya haura 7000K, na faɗuwar rana a bakin gulbi ya sauko wajen 3000K. Gyara fari da farko: taɓa abin tsintar launi a kan farar riga ko farin bango da bai ƙone ba, sannan ka dawo kan kala. In hotunan dare a rumfar biki suna fitowa kowanne da launinsa alhali ba ka canza komai ba, ƙwayayen lantarki ne ke ƙiftawa da wutar 50Hz. Ɗauka a 1/50 ko 1/100 yakan daidaita su.

"Ya koɗe, kamar akwai hayaƙi." Daga Disamba zuwa Fabrairu, hazon hunturu kan rufe Yamai da Adar, ya kashe bambancin haske da duhu. Ma'aunin Correction du voile a +10 zuwa +20 yana yaye shi, amma yana ƙara kala da kansa, musamman a sama, yana kuma tono yashi-yashi da tabon ƙurar da ta shiga cikin kyamara. Bayan ka ja shi, sauke Saturation kaɗan. Ra'ayinmu shi ne a bar ɗan hazon. Hoton Janairu da sama shuɗi shar, duk ɗan garin ya san ƙarya ne.

Na damina shi ne kore mai ƙyalli kamar leda, a gonakin gero da lambunan bakin gulbi. Yawancin launin ganye a ma'aunin ruwan ɗorawa yake, don haka rage Jaune tare da Vert, ba Vert kaɗai ba.

Mataki na 7: fassara "bai fito ras ba"

Kalma ɗaya ce, cututtuka da yawa. Buɗe ainihin fayil ɗin a 100%, inda piksel ɗaya na hoto ke kan piksel ɗaya na allo, ka yi bincike.

In ido ya yi dishi-dishi amma kunne, ko aikin hula, ko bangon baya ya fito tar, saiti ne ya kuskure. Gilashin 50mm a f/1.8, a tazarar mita 2, a kyamara irin APS-C, wato mai matsakaicin sensa, zurfin da ke fitowa da kaifi bai wuce wajen santimita 11 ba. Mutum biyu da ɗaya ya ɗan ja baya, ɗayansu ya tafi. Hoton dangi mai sahu uku yana son f/5.6 zuwa f/8, da saiti a kan sahu na farko ko na tsakiya.

In komai ya shafe zuwa gefe guda, ɗigon haske a ido ya zama biyu ko ya yi wutsiya, hannu ne ya girgiza. Ƙa'idar da aka saba: kada saurin ɗauka, wato ƙiftawar kyamara, ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi, a ninka tsawon da 1.5 a Nikon da Sony masu APS-C, da 1.6 a Canon. Mai ɗaukar raƙuman dawa a Kure da 200mm yana buƙatar 1/320 ko fiye. In bango lafiya lau mutumin ne ya shafe, shi ne ya motsa: mai zaune 1/125 ya ishe shi, masu rawa 1/250 zuwa 1/500, ƴan kokowa a fili 1/1000.

In fata ta yi sumul kamar kakin zuma, gashi ya manne ya zama dunƙule, goge yashi-yashi ne ya yi yawa saboda ISO ya hau, ko kuma saitin ƙawata fuska na waya na kunne. In fitilu sun yi hayaƙi a kewaye, gilashi ne ya sha maiƙon yatsa da ƙura. Hure ƙurar da famfon iska tukuna sannan ka goge da ƙyalle mai laushi, don gogewa a kan yashi karce ne. A watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, abin da ke nesa a ƙetaren gulbi ko a kan kwalta yakan yi rawa saboda kawalwalniya. Ba laifin gilashi ba ne, a dawo da sassafe. Tsuke buɗewar gilashi fiye da f/11 ma yana rage kaifi a ƙananan kyamarori, saɓanin abin da masu koyo ke zato.

Duk waɗannan, ma'aunin Netteté ba ya warkar da su. Abin da yake yi kawai shi ne ƙara haske a gefe ɗaya na bakin abu, da duhu a ɗaya gefen, ido ya ɗauka kaifi ne. In ya yi yawa, ba za a ce maka "kaifi ya yi yawa" ba. Za a ce hoton kamar zane, ko ka tsufar da Hajiya, ko fuskar ta yi ƙuraje. Nemi farin zare da ke bin gefen abu mai duhu a jikin sama: hasumiyar masallaci, wayar lantarki, bakin rawani. Ka gan shi, ka wuce iyaka.

Ga inda za a fara a ma'aunan Netteté na Lightroom, in RAW ka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta gyara ba. Na fuska: Gain 30 zuwa 40, Rayon 1.0 zuwa 1.2, Détail 15 zuwa 25, Masquage 60 zuwa 80. Masquage ne sirrin. Danne Alt a kwamfuta kana jan sa, allon zai koma baƙi da fari. Fari ne kaɗai ake kaifafawa, don haka ja har kumatu da goshi su yi baƙi, ido da leɓe da gashi su rage fari. Na gini mai kaushi, irin bangon laka na masallacin Yama a jihar Tahoua, wanda ya samu kyautar Aga Khan a 1986: Gain 50 zuwa 60, Rayon 0.7 ko 0.8, Détail 40 zuwa 50, Masquage 10 zuwa 20. JPEG kuwa kyamara ta riga ta kaifafa shi, shi ya sa Lightroom ke fara shi daga 0. In za ka ƙara, kaɗan. A Snapseed, Structure ya fi Netteté saurin ɓata fuska, kada ya wuce 10 a hoton mutum.

Kaifin ƙarshe bayan rage girma ake yin sa, ba kafin ba. Wajen fitarwa a Lightroom zaɓi na allo ko na takarda, matsakaici. A Photoshop, ga hoto mai 2048, Accentuation da Gain 60 zuwa 100, Rayon 0.3 zuwa 0.5 ya wadatar. In aka ce maka wasu layuka masu bakan gizo sun fito a jikin yadi mai ƙananan ratsi, duba a 100%: in babu su a can, rage girma ne ya haife su, gwada wani girman, in suna nan, shafa musu burushin Moiré.

Mataki na 8: in wanke shi za a yi

Ra'ayin allo ba ya wakiltar takarda. Allo haske yake fitarwa, takarda kuwa aron hasken ɗaki take yi, don haka takan fito da ɗan duhu, kala ta lafa, kaifi ya yi laushi. A ɗigo 300 cikin inci, hoton santimita 10 × 15 yana son piksel wajen 1200 × 1800, na 30 × 45 kuma wajen 3550 × 5300.

Kafin ka biya kuɗin babba, shirya fayil ɗin a girmansa na 30 × 45, ka yanko santimita 10 × 15 daga inda fuska da tufafi suka haɗu, ka wanke wannan yankin a farashin ƙaramin hoto. Yi uku, A, B, C, ka rubuta harafin a baya. Gaya wa mai labo ya kashe gyaran da injin ke yi da kansa, in ba haka ba zai daidaita maka ukun su koma kusan ɗaya, ko ya ƙara kala a kan wadda ka ƙara. A duba su a bakin ƙofa da hasken rana, a tazarar da za a riƙa kallon hoton a bango, ba a manna shi a hanci ba. Manyan hotunan tamfol na wajen taro da tawada mai launi huɗu, CMYK, ake buga su, shuɗi da kore masu ƙyalli kan mutu a can, don haka a nemi ɗan yankin gwaji a kan tamfol ɗin kansa.

Mataki na 9: auna amsoshin, ka koma sau ɗaya

In huɗu cikin biyar sun nuna wuri ɗaya, akwai matsala a wurin ko da kai ba ka gani. In mutum ɗaya ne ya saɓa, fara da tambayar wayarsa da saitinta. Ka kuma raba kuskure da ɗanɗano: jan da ya ƙone, farin zare a gefe da ido mai dishi-dishi kurakurai ne, a gyara, son kala mai zafi ko mai sanyi kuwa na mai hoton ne, shi zai rataye shi a ɗakinsa.

Gyara abu ɗaya, ka mayar wa mutum biyu da suka fi nuna wuri takamaimai, da tsohon da sabon, ba tare da ka faɗi wanne ne wanne ba. Bayan ka ɗora a Facebook, sauke hoton daga can ka buɗe shi a wayoyi biyu daban, ɗaya a kan Vif da gangan, tun da haka yawancin masu kallo za su gan shi. In ja ya zube a can, rage shi da −5 ka sake fitarwa a 2048. Lambobin da suka ci kuma ka adana su a matsayin saitin ajiya, da sunan yanayin da aka ɗauka: "rumfa bayan la'asar", "hazon Janairu", "ƙwan lantarki na dare".